Darasi na 9: Dikoda ko Data? Lissafin Kuɗin Kallo a Gida

Ran nan a ajinmu na bayan la'asar, wani dattijo daga Mabera ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wagga dikoda ta ishe ni. Kowane wata sai an biya, ga wuta ba ta zama. Ɗiyana sun ce in aje ta in koma intanet, wai ya hi arha. Mi kag gani?"

Na ce, "Baba, awa nawa ake kallo a gidanka kowace rana?"

Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ƙidaya ba. Na ce to daga nan za mu fara, domin amsar tana cikin wannan ƙidaya. A wannan darasi za mu koyi lissafin, mu kuma koyi karanta wasu lambobi da ke fitowa a fuskar waya.

Famfo da ɗan ga-ruwa

Dikoda, ko ta DStv ce, ko GOtv, ko StarTimes, kamar famfo take da ake biyan kuɗinsa a wata. Ka buɗe shi awa ɗaya ko awa goma, kuɗin bai canzawa. Data kuwa kamar ruwan ɗan ga-ruwa ce. Jarka-jarka kake saye, kuma duk ɗigon da ya zuba, daga aljihunka ya zuba. Gidan da talabijin ke kunne tun hantsi har dare, mata na aiki ana jin sauti, yara na shiga suna fita, idan ya koma data kacokan zai ji a jikinsa. Gidan da ba a kallo sai bayan isha'i, awa ɗaya ko biyu, shi ne ke asara da dikoda, domin yana biyan famfon da ba ya buɗewa.

Ka riƙe kuma cewa ba dikoda kaɗai ke ƙara kuɗi ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Saboda haka kada ka yi lissafi da farashin bara. Ka danna *312# a wayarka ka ga farashin yau da idonka. Wannan lamba ɗaya ce a MTN da Airtel da Glo da sauran layuka tun 2023.

Mega da giga

Ana auna data da mega da giga. A waya za ka ga MB, shi ne mega. Za ka ga GB, shi ne giga. Mega kusan 1,000 ne ke yin giga 1. Ka ɗauka mega mudu ne, giga buhu.

Saƙon rubutu na WhatsApp ba ya cin komai. Saƙon murya yana ci kaɗan. Bidiyo shi ne kurar da ke cinye garke. Amma shi ma bidiyon hawa-hawa ne. Idan ka buɗe YouTube ka taɓa alamar saiti a saman hoton, za ka ga lambobi a jere: 144, 240, 360, 480, 720, 1080. Waɗannan lambobi suna nuna kyawun hoto. Ƙaramar lamba, hoto dishi-dishi, data kaɗan. Babbar lamba, hoto tangaran, data mai yawa.

A 360, awa ɗaya na cin kamar sulusin giga. A 480, kamar rabin giga. A 720, giga ɗaya ko fiye. Kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, da kansa ya ce hotonsa mai kyau sosai yana iya cin giga 3 a awa.

To mu yi lissafin Baba. A ce gidansa ana kallon awa 3 kullum. A 360, giga 1 ke nan a rana, giga 30 a wata. Idan aka bar shi a 720, wannan kallon dai, ba a ƙara ko minti ɗaya ba, ya zama giga 90 ko fiye. Fim ɗaya, awa ɗaya, amma kuɗi ninki uku. A ƙaramar fuskar waya, 360 ya wadatar, ido ba ya ganin wani bambanci mai yawa. A babban talabijin kuwa hoton zai ɗan dushe, sai a ɗaga zuwa 480.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Talabijin mai shiga intanet, idan ba a saita shi ba, da kansa yake zaɓar babbar lamba muddin sabis na da ƙarfi. Sai ka sa data ta wata guda, kwana shida ta ƙare, ka fara zagin kamfani. Wani lokaci kamfanin na da laifi, ba na musu. Amma sau da yawa ɓarawon yana rataye a bangon ɗakinka.

Wace hanya intanet zai shigo gida?

Hanya mafi sauƙi ita ce wayar da ke hannunka. Ana iya raba datarta ga talabijin ko wata waya, abin da yara ke kira hotsifot. Ba ka sayi komai ba. Illarta biyu: idan mai wayar ya fita kasuwa, gida ya yi shiru, kuma batir yana saurin gajiya.

Sai ƙaramar na'urar nan ta aljihu, MiFi. Ana sa mata layi, tana da batirinta, tana ɗaukar wayoyi da dama. Ga wanda wutarsa ba ta tsayawa, wannan batir ba ƙaramin abu ba ne. Sama da ita akwai rauta, ɗan akwatin da ake sa wa layi ya raba intanet a gida, wadda ta fi jan sabis, ta fi kai wa ɗakuna. Yawancinsu sai da wuta, don haka ka tambayi mai sayarwa ko tana da batir, ko za a iya haɗa ta da fawa banki ko ƙaramar sola. Ka tambaya kuma ko a kulle take da kamfani ɗaya. Rautar da aka kulle ba ta karɓar layin wani kamfani, in sabis ya lalace a unguwarku ka zama ɗaurarre. Kowane sabon layi sai an yi masa rajista da lambarka ta NIN. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko da an ce ya fi arha.

Akwai Starlink, mai ɗauko intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023. Yana aiki har a inda babu turken waya. Sai dai kayansa dubban ɗaruruwan naira ne, kuɗin wata dubban gomomi, ga shi yana son wuta. Wannan na makaranta ne, ko ofis, ko mai shagon kwamfuta. Ba shi muke nufi da arha ba, mu wuce.

Wane layi ya fi? Duk wanda ya ba ka amsa ɗaya ga Sakkwato gaba ɗaya, bai gaya maka gaskiya ba. Layin da ke gudu a Gawon Nama yana iya rarrafe a Arkilla. Wanda ke aiki a Runjin Sambo yana iya ƙin shiga ɗakin ƙasa a cikin tsohon gari. Balle a ce Wamakko ko Kware ko Bodinga. Kafin ka kashe ko sisi a kan rauta, ka yi gwaji. Ka roƙi maƙwabta ko 'ya'yanka masu layuka daban-daban su zo cikin ɗakin da talabijin yake, ba ƙofar gida ba. Kowa ya buɗe bidiyo ɗaya. A yi haka tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, lokacin da gari duk ya hau intanet. Wanda bidiyonsa bai tsaya yana juyi ba, layinsa ne na gidanka. A duba saman waya kuma: idan an ga 4G ko LTE, da kyau. Idan E ce ko 3G, kallo zai yi wuya.

Wata 'yar shawara ta mutanen garinmu. Rauta ba ta son zafi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana haura 40. A ajiye ta kusa da taga inda iska ke shiga, a sama, amma ba inda rana ke dukanta ba. Kada a rufe ta da kyalle don gudun ƙura. A riƙa share ta kawai.

Kalmomin da ke cikin talla

Za ka ji an ce data "marar iyaka". Ka tambaya da kyau. Galibi akwai adadin giga da idan ka kai shi za a rage maka gudu, har bidiyo ya kasa tafiya. Ka ce wa mai sayarwa, "Giga nawa ne kafin a rage?" Idan ya yi ta kame-kame, ka san inda aka dosa.

Datar kwana ɗaya tana kama da arha domin kuɗinta kaɗan ne a hannu. Amma ka raba kuɗin da yawan giga. A ƙaddara wani tsari giga 1 ne a kan naira 500, wani kuma giga 20 a kan naira 7,000. Na farko kowace giga 500 ce. Na biyu kowace giga 350 ce. Waɗannan lambobi misali ne don koyon lissafi, ka sa na gaskiya daga wayarka. Daidai yake da mai sayen gero kullum da gwangwani da mai sayen buhu.

Akwai kuma datar dare, wadda ta fi kowace arha, tana aiki daga tsakar dare zuwa asuba. Ba a ce ka hana idonka barci ba. Amfaninta shi ne sauke abin kallo a ajiye cikin waya, a kalla da rana ba tare da data ba. Netflix na ba da damar saukewa, YouTube ma yana bayarwa a kan wasu bidiyoyi. Gidan da ya iya wannan dabara ya rage rabin wahalarsa.

Ka kula da sabuntawa ta kai tsaye, wato kamfani ya cire kuɗi da kansa idan data ta ƙare. Idan ba ka so, ka zaɓi saye sau ɗaya. Don duba ragowar data, *323#. Don duba ragowar kuɗi, *310#. Idan an cire maka kuɗi ba gaira ba dalili, ka kira 300 ka yi magana da kamfanin. Idan ba su share maka hawaye ba, ka kira 622, layin koke na NCC, kyauta ne.

To me za a kalla?

Abin da yawancin gidajenmu ke so yana kan YouTube ba tare da kuɗin wata ba: labaran BBC Hausa da DW da RFI, karatun malamai, tafsirin azumi, finafinan Hausa masu dogon zango, darussan ɗinki da girki. Data kawai za ka biya. Netflix da irinsa kuwa biya biyu ne, kuɗin wata daban, data daban. Ka tuna da haka kafin wani yaro ya ce maka "ai arha ne".

Ni a ganina, kuma na sha faɗa a aji, abin da aka fi mantawa da shi shi ne dish na kyauta. Kwano da dikodarsa sau ɗaya ake saye, mai ɗaurawa ya saita, shi ke nan, babu kuɗin wata, babu data. Ana samun tashoshin da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka da Madina, da tashoshin wa'azi, da Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014. Tsofaffi da masu yini a gida, wannan ya ishe su. Ga NTA Sakkwato da talabijin na Rima da eriya. Ga rediyon FM da ke cikin wayoyi da yawa, wanda ba ya cin data ko mega ɗaya, sai dai a sa abin kunne. Ranar da intanet ya ɗauke kuma, waɗannan ba su san an yi ba. Mutanen ƙananan hukumomi 14 na jihar nan da aka rufe wa layukan waya a 2021 saboda matsalar tsaro sun san abin da nake nufi.

Ƙwallo ce mai wuyar sha'ani. Wasa ɗaya kusan awa 2 ne, kuma ƙwallo ba ta kalluwa a hoto dishi-dishi, don haka sai ka ƙiyasta giga 2 ko 3. Shafukan sata da ke nuna ta suna yankewa daidai lokacin da za a ci, suna cika waya da tallace-tallacen banza, wasu ma suna ɗauke da manhajar da ke leƙen bayanan banki. Mai kallon wasa ɗaya a mako, gidan kallon unguwa ya fi masa. Mai kallon kowane wasa, ya riƙe dikodarsa. Wanda yake tsaka-tsaki ya sani cewa ba dole ne a biya kowane wata ba, kuma StarTimes na karɓar biyan kwana ko na mako.

Saura maganar yara. Dikoda tana da tashoshi ƙidayayyu, intanet kuwa ba shi da ganuwa. A sa wa rauta lambar sirri, babba ɗaya ya riƙe. A kashe saitin da ke sa bidiyo ya bi bidiyo da kansa, domin yana cin data, yana kuma kai yaro inda ba a aike shi ba. Akwai YouTube Kids da aka yi don ƙanana. Ya fi kyau kallon ya kasance a tsakar gida ko falo, inda Inna ke gani.

Baban Mabera ya dawo bayan mako guda da takarda a hannu. Ya ƙidaya: awa 2 na labarai da karatu shi da kansa, awa 5 na iyali da rana, wasa ɗaya ran Asabar. Ya ce, "Malam, dish na kyauta za ni ɗaura ma iyali, ni in sa data ta wata ga wayata. Ƙwallo ko, yaran su tai gidan kallo, daman can sun ka hi son hayaniya."

Aikin gida

1. Rubuta awa nawa ake kallo a gidanku kowace rana, har kwana 7. Haɗa jimla.
2. Idan awa 3 na cin giga 1, giga nawa gidanku zai ci a kwana 30?
3. Danna *312#. Kwafi tsari biyu na wata, da kuɗinsu da yawan gigarsu. Raba kuɗin da giga. Wanne ya fi arha?
4. Rubuta kuɗin da kuke biyan dikoda a wata kusa da amsar tambaya ta 3, ka zo da takardar aji mai zuwa.