Yadda ake rubuta Hausa da ƙugiyoyinta a Notepad++

Kwamfutar shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura ta kwana biyu. Da na buɗe babbar manhajar rubutu sai ta kama nishi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Shi ya sa duk aikin da ba ya buƙatar ado, wasiƙa ce ko sunayen 'yan adashi ko aikin ɗalibi, a Notepad++ nake fara shi. Wani mai suna Don Ho ne ya fito da wannan ƙaramar manhajar rubutu a 2003, kyauta ce, kuma fayil ɗin da ake sauko da ita bai kai megabait 10 ba.

Ka fara da shiga notepad-plus-plus.org, can kaɗai za ka sauko da ita. Akwai ta 32-bit da ta 64-bit, ka zaɓi wadda ta dace da Windows ɗinka. In kwamfutar ta aro ce, ɗauki ta zip ka warware ta a filashi, daga nan ma tana tashi.

Kafin ka buga ko harafi ɗaya, dubi ƙasan allon ta hannun dama. UTF-8 ake so ka gani, wato tsarin adana rubutu da ya san haruffanmu masu ƙugiya. A nan mutane da yawa ke yin asara. Kwanaki wata ɗaliba ta kawo mini rubutunta kan Durɓi ta Kusheyi, shafi goma sha biyu, duk inda ɗ ko ɓ ko ƙ suke sai alamar tambaya. An adana shi ne da ANSI, tsarin da bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Ta ce, "Malam, ba yadda za a yi?" Babu, sai da muka bi shi layi-layi har bayan La'asar. Don haka in ka buɗe tsohon fayil ka ga ANSI, shiga Encoding ka danna Convert to UTF-8 tun kafin ka ƙara masa komai.

Sai ƙugiyoyin kansu. Windows na da allon rubutun Hausa, amma ni ga dabarar da ta fi mini sauri. Ina rubutu ina sa tauraro: k*asa, d*aki, b*arawo. Da na gama sai in danna Ctrl da H, a akwatin sama in sa k*, a na ƙasa in liƙa ƙ, in danna Replace All. Haka zan yi wa ɗ da ɓ. Ka tabbata ka sa alama a Match case, in ba haka ba Ƙofa za ta koma ƙofa, sannan ka maimaita wa manyan: Ƙ, Ɗ, Ɓ. Haruffan shida ka ajiye su a ɗan fayil guda, kullum yana buɗe a gefe, kana kwafowa. Kada ka yi alamar da waƙafin sama, yana da nasa aikin a sana'a da 'ya'ya.

Saura maganar wuta. Shiga Settings, Preferences, sai Backup, ka kunna session snapshot and periodic backup. Duk daƙiƙa 7 take ajiye abin da ka rubuta, ko an ɗauke wuta kana tsakiyar jimla, in ta dawo za ka tarar da aikinka. Duk da haka ka saba wa yatsunka da Ctrl da S, ka ba fayil suna mai ƙarewa da .txt, ka kuma jefa kwafi a filashi kafin ka rufe shago.