Yadda za ka nuna wa ɗalibai sauyin gishirin teku da tire da zoɓo

Yawancin ɗalibaina a nan Sakkwato ba su taɓa ganin teku ba, Gulbin Rima suka sani. Amma zafin ranarmu ta watan Afrilu ya isa ya koya musu dalilin da ya sa gishirin ruwa yake hawa da sauka a kewayen tsibirai da tafkunan bakin teku marasa zurfi. Malam, ga yadda nake yi.

Fara da haɗa naka ruwan tekun. Ledar ruwa biyu lita ɗaya ce. Zuba mata gishiri cokalin shayi 6 a shafe, wato wajen giram 35, matsakaicin abin da ke cikin litar ruwan teku ke nan.

Raba shi biyu, rabi a tire mai faɗi, rabi a kofi mai zurfi, ka ajiye su a rana inda awaki ba za su kai ba. Ruwan tire zai riga na kofi raguwa nesa ba kusa ba. Rana ruwa take ɗauka, ta bar gishiri. In na tire ya koma rabi, gishirinsa ya zama giram 70 a lita. Kowane yaro ya tsoma ɗan yatsa ya ɗanɗana duka biyun. Kada ka tsallake wannan, domin abin da harshe ya shaida ba ya saurin fita a ka. A nan nake kawo musu Hamelin Pool, wani lungun teku mara zurfi a Ostireliya, inda ruwa ya kusan ninka na teku gishiri, da yankin tsibiran Salum a Senegal, inda ƙarancin ruwan sama ya sa ruwan can ciki ya fi na bakin teku gishiri. Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke gani a Jidda, tana da kusan giram 40.

Sai gwajin damina. Haɗa sabon ruwan gishiri a kofin gilashi, ka tsiyaya zoɓo mara sukari a hankali ta bayan cokali. Jan zai kwanta a sama, don ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba. Abin da ke faruwa a tafkin Legas ke nan a taƙaice: da damina Kogin Ogun yana tsinka shi har ya kusan zama ruwan daɗi, da rani gishiri ya dawo. Juya cokali a ciki, jan ya baje. Aikin iska da cikowar teku ke nan, shi ya sa tafki mai faɗin baki ba ya yin nisa da gishirin teku, mai ƙuntataccen baki kuwa sai yadda yanayi ya yi da shi.

Gwajin zoɓon nan shi nake fi ba lokaci, don ya shafi rayuka. A ƙananan tsibiran murjani, ruwan sama yana nutsewa cikin yashi ya kwanta a kan na teku, daga nan rijiyoyinsu ke sha. In aka matsa wa rijiya da janye ruwa, ko fari ya daɗe, gishiri ya taso ta ƙasa. Sake kwantar da zoɓo a kan sabon ruwan gishiri, ka tsoma tsinken shan lemo cikin jan, yaro ya zuƙa a hankali, ya faɗa wa aji lokacin da gishiri ya iso bakinsa.