Shigar kamala daga kaka zuwa hunturu: shawarar wani tela a Sakkwato

Shekara 26 ke nan ina kan keken ɗinki a Sakkwato. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, aka fara shigowa gari da dammunan gero da dawa, na san irin mutanen da za su fara yi mini sallama. Yawanci samari ne da suka samu aiki kwanan nan, waya a hannu, suna nuna mini hoton kaftani mai aiki tun daga wuya har cibiya. Nakan ce, "Zauna tukuna, ɗan'uwa. Biki za ka da shi, ko ofis?" Wannan rubutu na wanda amsarsa ofis ce, ko kasuwa, ko aji, wanda yake son ya fita kullum cikin shigar da za a girmama shi ba tare da an juyo ana kallonsa ba.

Kakarmu ba irin ta Turai ba ce da ake gani a hotuna, inda ake labta kwat a kan suwaita. A nan Oktoba zafi ne, har gumi ake yi kamar bazara ta dawo. Sai Nuwamba iska ta juyo daga Sahara, leɓe ya fara tsagewa, hazo ya kwanta a fadamar Rima da safe. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 20, kafin azahar kuma zafi ya haura 30. Ke nan tufar da za ka ɗinka dole ta sha gumin rana, ta kuma bar wurin da za ka sa wani abu a ƙarƙashinta da safe. Sannan ga ƙura, wadda ita ce ke yanke hukunci a kan launi.

Ƙurar hunturu fara-fara ce da ɗan ratsin ja. Baƙin yadi da shuɗi mai duhu sosai suna da kwarjini a kan kanta, amma ka hau kabu-kabu da su daga Arkilla zuwa Babbar Kasuwa ka gani: kafin ka sauka kafaɗa da gwiwa sun yi furfura. Fari kuma wuyansa da bakin hannunsa ne ke fara yin ja, sai ka dinga wanki kullum har yadin ya mutu. Ni farin na Juma'a ne da ɗaurin aure. Na yau da kullum ka nemi launukan da suka yi zumunci da ƙura: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, ruwan makuba irin na tsofaffin soraye, ruwan goro mai haske, ko kore mai kama da busasshen ganye. Idan ranka na son shuɗi, ɗauki wanda ya yi kama da sararin sama ranar hazo. Waɗannan launuka suna da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato kowannensu yana shiga da ɗan'uwansa, hula ɗaya ta hau riga uku, takalmi ɗaya ya bi su duka.

Kada ka zaɓi launi a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago. Roƙi mai yadi ka fito da bandirin bakin ƙofa, ka ɗora gefensa a bayan hannunka cikin hasken rana. Ruwan tokar da ya haska wani, wani dusashe shi yake yi, kuma fatarka ce kaɗai za ta faɗa maka.

Ina da wani dattijo, malamin jami'a, da nake yi wa ɗinki tun ina ɗan shagon farko. Duk kaka yakan aiko da yadi biyu, ɗaya ruwan toka ɗaya ruwan ƙasa, saƙon kuma bai taɓa canzawa ba: "A yi kamar na bara." Ban taɓa yi masa aiki mai launi biyu ba. Amma sau da yawa ɗalibansa sun zo suna cewa in yi musu "irin na Malam", idan na nuna musu yadin sai su yi mamakin rashin ƙyalƙyalinsa. Abin da suke gani a jikinsa yadi ne mai nauyi da yanka mai kyau da guga, ba wani abu ba.

Yanzu maganar yadin kansa. Araha ba ta ado, haka ne, sai dai tsada ma ba shaida ba ce, domin kasuwa cike take da leda da aka sa wa sunan manya. Yadin roba yana riƙe zafi da warin gumi, a hunturu kuma yana manne wa jiki yana jawo ƙura. Auduga kake nema, ko yadi mara nauyi sosai mai ɗan ulu a ciki, irin wanda 'yan kasuwa ke kira kashmiya. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Zare ɗan zare daga gefe ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, ulu yana ƙaurin gashi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Sannan ka damƙi yadin a tafin hannu ka saki. Mai kyau yakan ɗan tamuƙe ya saki jiki, wanda aka cika wa sitaci don ya yi nauyi sai ka ga fari-fari a yatsunka. Shaddar Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, auduga ce zalla kuma zanenta a cikin saƙar yake, shi ya sa take tsufa da mutunci. Amma tambari abu ne da ake kwaikwaya, don haka ka saya wurin mutumin da ya san za ka dawo masa gobe. Masu zuwa Kantin Kwari a Kano sun fi samun zaɓi, sai dai ni ban ga laifin amintaccen ɗan kasuwa a nan gida ba, ko ba komai idan yadin ya zuba ka san ƙofar da za ka buga.

Kala nawa? Biyar sun isa mutum ya ƙetare kaka da hunturu cikin rufin asiri: kala 3 na yadi don zuwa aiki, shadda 1 mai kwantaccen launi, farar shadda 1. Kaftani da wando na matsakaicin mutum yakan ci yadi 4 in yadin mai faɗi ne, shadda kuwa 5. Ga abin da nake gaya wa kowa amma kaɗan ke ji: ƙara yadi 1 da rabi a kan kowane yadin aiki a yi maka wando na biyu. Wando ne ke shan zama da hawa babur da zaman tahiya, shi ke fara koɗewa ya bar rigar da sauranta. Idan biyu ne kana musanyawa, kayan sai su tsufa tare.

A wurin awo ne ake samun kamala ko a rasa ta, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Je ka da kanka, kada ka aika tsohuwar riga a kwatanta, jiki yana canzawa. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai ƙashin kafaɗa, kada ya zubo kan damtse. Hannu ya tsaya a ƙashin wuyan hannu, ta yadda agogo zai leƙo in ka miƙa hannu a gaisa. Tsawon riga ya wuce gwiwa da kamar taƙi ɗaya. Wando ya tsaya a idon sawu, addini ma ya yi horo da haka, ga shi ba zai share maka titi ba. Samarin yanzu suna son ɗinki ya kama jiki, ni kuwa ina roƙonsu su bar sararin yatsu 4 a ƙirji da ciki. Rigar da ta matse ba ta barin iska ta ratsa a Oktoba, ba ta karɓar suwaita a Janairu, kuma idan ka yi ruku'u kowa a sahu ya san ta matse. Ka ce wa telanka ya sa gam mara kauri a wuya, domin mai kauri yana kumbura bayan wanki biyu ko uku. Aljihun gefe ya yi zurfi saboda waya, na ƙirji kuwa a bar shi da biro kawai, waya tana karkatar da gaban riga. Idan ka zo karɓa, juya rigar ka duba cikinta. Kalmasar da ta miƙe da zaren da aka datse tsaf su ne shaidar hannun da ya yi aikin.

Aikin wuya fa? Ina son surfani, da shi na ciyar da iyali, kuma babbar riga mai aska takwas da aka yi da hannu abu ne da ba na gajiya da kallo. Amma wannan ta ranar Sallah ce da naɗin sarauta. A kayan kullum, siririn layi a wuya da gaban riga da zare launin yadin ya wadatar, wanda sai an matso an gaisa za a lura da shi. Zaren zinari da duwatsu ƙura ce ke maƙale musu, wanki kuma ya ci su tun yadin yana sabo.

Sanyin asuba ba ya buƙatar ka rufe kaftaninka da rigar sanyi mai manyan rubuce-rubuce. Siririyar suwaita mai buɗaɗɗen wuya a ƙarƙashin riga ba mai ganinta, kuma a gwanjo ana samun ta ulu mai kyau in ka yi haƙurin tonawa. Ko ka ɗinka falmaran ɗaya ruwan toka mai duhu, da shafi a ciki, ka ɗora a sama, rana ta ɗaga ka cire ka rataye. Hirami a kafaɗa shi ma yana aiki biyu, ya tare sanyi ya kuma rufe hanci a kan babur.

Hula biyu sun isa in na hannu ne. Zanna bukar ko kube mai ƙananan zane, wadda ɗaya daga cikin launukanta ya ɗauko launin rigar. Ba dole sai sun zama iri ɗaya sak ba, ɗan bambancin shi ne daɗin. Hular inji tana saki bayan wanki kaɗan, ta hannu kuwa in ka kai wa masu wankin hula suka ɗora ta a kan itacensu ta bushe, sai ta dawo da tsayuwarta shekara da shekaru.

Takalmi ne ke ba ni takaici, domin a nan ne muke da abin da duniya ta sani amma muke raina shi. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka same ta ta hannun 'yan kasuwar Maroko har suka laƙaba mata sunan ƙasar, suna rufe littattafai masu daraja da ita. Har yau majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Duk da haka sai ka ga saurayi ya sa shadda mai tsada ya taka takalmin roba mai sheƙi wanda zai ɓare kafin azumi. Je ka wurin dukawa a Madunka, a auna ƙafarka, ka ce sau-ciki kake so ruwan ƙasa mai duhu, ba ado, tafin kuma a ɗinke shi, kada a tsaya a gam kawai. Ka ƙara da fade ɗaya na yamma da zuwa masallaci. Iskar hunturu tana busar da fata har ta tsage, don haka sau ɗaya a mako ka goge ƙurar ka shafa ɗan man kaɗe kaɗan, ka san dai zai ƙara mata duhu. Ragowar man kuma na dugaduganka ne. Faso da kaushi a cikin buɗaɗɗen takalmi suna rushe duk wahalar da tela ya sha.

Wankin shadda da ruwan sanyi ne da sabulu mara kaifi, ba a jiƙa ta ta kwana, ba a murɗe ta. Juya ta a shanya a inuwa, iskar wannan lokaci ba ta ɗaukar awa biyu ta busar da ita, kuma in ta bushe a kwashe nan take kafin ƙura ta sake hawa. Kai ta wurin mabuga, bugu ne ke dawo da sheƙinta, dutsen guga mai zafi kashe shi yake yi. Yadi kuwa sitaci kaɗan, mai yawa yana karya zare a wurin ninki. Turare mai mai a shafa a jiki ko a 'yar ciki, kada a ɗiga a gaban riga, tabonsa ba ya fita. In da hali a turara kayan a kasko da dare, ƙamshin ya fi kwanciya. Rigar da ka sa yau ka kakkaɓe ta, ka rataye ta ta huta gobe.

Ka kawo yadinka tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Da an gama girbi kuɗi ya shigo hannun manoma, bukukuwa suke farawa, a 'yan shekarun nan kuma azumi yana biyo bayan hunturu kai tsaye, ɗinkin Sallah ya hau kan na aure. Telan da ke da kaya 40 a jibge da wutar da ba ta tsayawa ba zai zauna ya warware maka kafaɗa ya sake ɗorawa ba. Ka ba shi mako 2, ka fara da kala ɗaya, ka sa ta yini guda har da sallah da hawa babur, sannan ka dawo ka gaya masa inda ta kama da inda ta saki kafin ya sa almakashi a sauran huɗun.