Yadda za ku ƙera jirgin yaƙin Virginia da gwangwani

Malaman lakwal na Damagaram, in kuna son yara su riƙe tarihin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ku sa su ƙera Virginia, jirgin ruwan yaƙin 'yan awaren Kudu, da hannunsu, wallahi ya fi dogon bayani a allo.

Ku samo gwangwanin madara, guntun katako mara nauyi, ƙananan ƙusoshi da karan dawa. A fere katakon ya yi tsini gaba da baya. Shi Virginia asalinsa Merrimack ne, jirgin katako da sojan Arewa suka ƙona a Norfolk a 1861, 'yan Kudu suka tsamo gangar suka lulluɓe samanta da ƙarfe mai kaurin inci 4, to haka za ku yi da gwangwanin, ku buɗe shi ku lanƙwasa kamar jinka, kada bangon ya miƙe tsaye don gangarar ce ke sa harsashi ya zame. Yankan dai babba ya yi, bakin gwangwani ba wasa.

Bindigogi 10 ne, ku yanka kara: 4 kowane gefe, 1 gaba 1 baya. Ƙusa guda a hanci, da irin wannan tsinin Virginia ya soke jirgin Arewa mai suna Cumberland ya nutsar da shi ran 8 ga Maris 1862, washegari ya gwabza da Monitor, jirgin ƙarfen Arewa, ba wanda ya kada wani.

Sai gwaji a baho. Ku ɗora 'yan tsakuwa har ruwa ya kusa shafe katakon, rufin kaɗai ake gani.