Idan Za Ka Ziyarci Sansanin Dachau

Ɗan'uwa da ka sauka Jamus, musamman in kana yankin Munich, ka ware yini guda ka je Dachau, tsohon sansanin da gwamnatin Hitila ta tsare mutane, wanda yanzu wurin tunawa ne. Daga babbar tashar Munich ka hau jirgin S2 zuwa garin Dachau, sannan ka shiga bas mai lamba 726, zai ajiye ka a bakin wurin. Shiga kyauta ne, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma. Akwai na'urar bayani da ake haya, da Turanci ko Faransanci.

Gwamnatin Hitila ta buɗe sansanin a watan Maris na 1933, da farko don kulle 'yan adawa. Daga baya aka riƙa kawo Yahudawa, limaman coci, 'yan ƙabilar Roma (wata ƙabila marar rinjaye a Turai) da sojojin Tarayyar Sobiyat da aka kama a yaƙi. Mutum sama da 200,000 ne aka tsare a sansanin da rassansa, aƙalla 41,500 suka mutu saboda yunwa, cuta, aikin tilas ko harbi, kafin sojojin Amurka su iso ranar 29 ga Afrilu, 1945. Har baƙar fata akwai a cikin waɗanda aka tsare. Za ka ga filin da ake tsayar da fursunoni sa'o'i cikin sanyi ana ƙirga su, da gadajen katako hawa uku, da gidan ƙona gawa.

Ka shiga da natsuwar da kake shiga maƙabarta da ita, domin tokar dubban mutane na binne a ƙasar wurin. Ba a ɗaga murya, ba a ciye-ciye a cikin ɗakunan, ba a shan taba. Ɗaukar hoto ba laifi ba ne, amma don Allah kada ka tsaya a bakin ƙofar ƙarfe ta shiga sansanin kana murmushi don Facebook. Wataƙila dattijuwar da ke gefenka mahaifinta ne ya mutu a nan. Ƙananan yara kuma a bar su gida, hotunan sun fi ƙarfinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne raha da sunan Hitila da wasu samarinmu ke yi. A Jamus, ɗaga hannu irin gaisuwarsa ko nuna tambarin jam'iyyarsa ta Nazi na iya kai mutum gidan yari har shekara 3, musanta kisan kiyashin Yahudawa kuwa har shekara 5. Tambayoyi kan wannan zamani suna cikin jarrabawar neman zama ɗan ƙasa, don haka abin da ka gani a can zai yi maka amfani ranar da za ka zauna rubuta ta.