Yadda za ka gano sunan yankan kakarka da lokacin aurenta

Da farko cire rai da samun takardar ɗaurin aure. Auren kakanninmu da baki aka ɗaura shi: waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka faɗi sadaki a gaban shaidu, aka shafa fatiha, aka raba goro. Sai fa in gidanku na Kirista ne, kamar na Wusasa a Zariya, inda coci ke ajiye rajistar aure da ta baftisma. Nan sai ka nufi ofishin cocin kai tsaye.

Mu mace ba ta barin sunan ubanta don ta yi aure, kunya ce ke binne sunan. Ni har kakata ta rasu Iya kawai muka sani, 'ya'yanta ma ba su faɗin sunanta. Don haka kada ka ɓata lokaci wajen mahaifinka. Nemi wanda babu kunya tsakaninsa da ita: ƙawarta ta ƙuruciya, ɗan kawunta ko na gwaggonta da suke wasan taubasantaka, ko kishiyarta in tana raye. Kishiya ba ta mance komai, har abin da ba ka tambaya ba za ka ji. Ka je da goro da ɗan sabulu, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna rakodar wayarka. Kuma kada ka ce "yaya sunanta?" Ka ce, "Inna, da wane suna ake kiranta a gidansu?"

Abin da za a ba ka galibi laƙabi ne, sai ka warware shi. Dije Hadiza ce, Kulu Hauwa'u, Indo A'isha, Abu Zainabu, Binta Fatima. Amma Lami da Jummai da Talatu ranar haihuwa suka nuna kawai, Azumi kuwa watan haihuwa. Hanya mai sauƙi ita ce ka duba jikokin gidan: yarinyar da ake ce wa Mama ko Ummi, sau da yawa sunan kakar aka mayar mata.

Shekarar aure kuwa kada ka tambaye ta da lamba, ba wanda zai ba ka. Tambayi sadaki. In aka ce fam da sule, to galibi kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. Sannan ka matso: kafin zuwan Sarauniya Kaduna a 1956 ne ko bayansa? An yi 'yancin kai na 1960? Tana goyon wa aka kashe Sardauna a Janairun 1966? A Kano ka auna da hawan Sarki Ado Bayero a 1963.

Takardar da na fi amincewa da ita ita ce ta rabon gado. Idan kakanka ya rasu ya bar gida ko gona aka je gaban alƙali, dole a rubuta matan da suka ci tumuni, kuma magatakarda sunan yanka yake bukata, sau da yawa har da na uba. Haka shari'ar saki ko ta hul'i. Tsofaffin littattafan kotun alƙali da Larabci ake rubuta su, don haka ka tafi da malamin da ya saba da rubutun hannu na da. Fara da kotun garinku da fadar hakimi, tukuna ka yi tunanin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa, wato Arewa House, shi ma a Kaduna. Can yawanci fayilolin mulki ne na lardi-lardi, haraji da sarauta da iyakoki, sun fi amfani in uban kakar taka dagaci ne ko alƙali.

Kafin duk wannan tafiya, a buɗe adakar tsohuwa. In ta yi aikin Hajji, tsohon fasfonta na iya kasancewa a ƙasan zannuwa, da sunanta da na mahaifinta da garin da aka haife ta.