Tumatir a rumfar leda: duba ganye kafin ka saɓa injin feshi

Duk wanda ya kafa rumfar leda don noman tumatir a ƙasar nan, lissafinsa ɗaya ne: ya samu na sayarwa daga watan Mayu zuwa Agusta, lokacin da na fadama ya ƙare, kwando ya yi tsadar da uwargida ke komawa kan kauɗa da na gwangwani. Lissafin daidai ne. Sai dai wannan rumfa a ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro ta don ta tara ɗumi, mu kuwa a nan Kano ɗumin ne ya yi mana yawa. Yawancin abin da nake gani a ganye ana kiransa cuta, zafi ne da yadda ake ba da ruwa. Mai shagon magani ba zai faɗa maka haka ba, shi kwalba yake sayarwa.

Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 27. Idan rana ta wuce 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin fure yakan mutu, ka ga fure yana zuba ba ɗa. A Afrilu waje ma yana kai wa 40, ka ƙiyasta cikin leda. Saboda haka rumfa ta zama mai tsayi, ledar a sama kawai, gefe duka raga mai ƙananan ido wadda farin ƙuda ba ya ratsawa, a kuma bar kafa a ƙololuwa don zafi ya fice. A bazara ina shimfiɗa baƙar raga ta inuwa a kan rufin, in cire ta idan damina ta kankama. Ƙofa biyu ake yi, ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki. Yaron da ya bar ta a buɗe don ya sha iska ya shigo maka da aikin wata guda.

Wani abu da sababbi ke mantawa: a cikin rumfa babu iska, babu ƙudan zuma. Kai ne za ka bi igiyoyin da aka ɗaure shukar da su da hantsi kana bubbuga su da yatsa don garin fure ya zubo. Idan ba ka yi ba, za ka ga fure cike, 'ya'ya kaɗan, ka ɗora laifin a kan iri.

Sai ban ruwa, inda nake so a daɗe. Shukar da ta girma tana 'ya'ya takan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, a tsananin zafi ta kai uku. Amma yadda aka ba ta ya fi adadin muhimmanci. Kashi biyu ko uku nake raba shi: da sassafe, da hantsi, sai kaɗan bayan azahar idan rana ta ƙwalle. Bayan la'asar ba na ba da ruwa, don kada ƙasa ta kwana jagab, rumfa ta tashi da raɓa a ganye. A gindi ake zubawa, ko da tiyon ɗigo ko da bokiti a hankali, ba a wanke ganye. Kuma kafin ka kunna famfo ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ta yi damshi ta kama yatsa ba ta ɗiga, ƙyale ta. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, don saiwarta ta rasa numfashi, mai gona ya ga ta langaɓe ya ƙara mata, ya ƙarasa ta.

Baƙin gindi, wato ka ga ƙasan ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa kamar fatar da aka jeme, daga nan yake zuwa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, kuma shi a cikin ruwa yake tafiya. Yau ka bar ƙasa ta bushe ƙamas, gobe ka malala mata ruwa, to ko akwai kalsiyam a ƙasar ba zai kai ba. Tsagewar 'ya'ya ma hakan ke jawo ta. Ba maganin feshin da ke warkar da wanda ya riga ya yi baƙi. Tsinke shi ka yar, ka daidaita ruwa, na gaba zai fito lafiya.

A wajen taki, kuskuren da ya fi yawa shi ne yuriya. Manomin masara ya saba da ita, yana ganin kore shar sai ransa ya yi fari. Tumatir kuwa idan ta yi masa yawa, kara ya yi kauri, ganyen sama ya murɗe ya dunƙule, fure ya ragu, darɓa da farin ƙuda su samu wurin zama. Ni a buhuna nake shuka: ƙasa mai kyau, buntun shinkafa da aka babbaka, da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Bayan dashe da kamar mako biyu nake fara ba da kamfa 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ga kowace shuka, nesa da kara da faɗin tafin hannu, a kan ƙasa mai damshi. Da zarar 'ya'yan fari sun ɗaura, sai in koma kan taki mai yawan fotash, shi ke ba da nauyi da ja. Mai narkar da taki a tanki ya kiyaye: kada ka haɗa kalsiyam naitiret da taki mai salfet ko fosfet a mazubi ɗaya da kauri, za su daskare su toshe maka ramukan ɗigo. Kuma tunda ruwan sama ba ya shiga rumfa, gishirin taki taruwa yake yi. In ka ga fari-fari a saman ƙasa, bakin ganye yana ƙonewa, ka ba da ruwa zalla mai yawa har ya tsiyaye ta ƙasan buhu.

To, ga ganye ya canza. Tambayar farko: na ƙasa ne ko na sama? Shuka tana iya kwashe wasu sinadarai daga tsohon ganye ta kai wa sabo, wasu kuwa ba ta iyawa, shi ya sa wurin da alamar ta fito yake faɗa maka abin da ya rasa. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya gaba ɗaya, shukar ta rame, abinci take nema, naitirojin. Idan na ƙasan ne amma jijiyoyinsa na nan kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya, maganiziyam ne, kuma ya fi fitowa lokacin da shuka ta ɗauki 'ya'ya da yawa. Gishirin Epsom, wato maganiziyam salfet, giram 10 zuwa 15 a lita ɗaya, a fesa da yamma, yana tsayar da shi, ko da yake wanda ya riga ya yi rawaya ba zai dawo ba. Idan kuwa irin wannan rawayar a sabon toho take, ƙarfe ne ya yi ƙaranci, kuma sau da yawa ruwan burtsatse mai kanwa-kanwa ne ke hana saiwa ɗaukarsa. Tumatir yana son ma'aunin tsami na 6 zuwa 6.8, a sa malamin gona ya auna ruwan.

Naɗewar ganye iri uku ce, kuma nan ake asarar kuɗi a banza. Tsohon ganye ya naɗe sama ya yi kauri, launinsa bai canza ba, shuka na ci gaba da girma: zafi ne ko yawan fige rassa, ba komai. Sabon ganye ya fito siriri a murɗe, a shuka da yawa rana ɗaya: ka tambayi wanda ya ari injin feshinka, don ragowar maganin ciyawa ke yin haka, ko iska ta kwaso shi daga gonar maƙwabci. Injin rumfa daban, na ciyawa daban. Na ukun shi ne mugun: ganyen sama ƙanana, bakinsu rawaya, sun kife sama, shuka ta tsugune ta daina tsawo. Wannan ƙwayar cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta da magani. Tuge ta, sa a buhu tun a ciki, ka fitar. Girgiza na kusa da ita, in ka ga fararen ƙwari sun tashi, ka rataya tarko mai rawaya mai danƙo, ka bi bayan ganye da man darbejiya haɗe da ɗan sabulu.

Kullum ka juya ganye. A damina, in rumfa ta cika da laima, za ka ga tabo rawaya a sama, a bayansa kuma wani gashi-gashi mai launin ƙasa-ƙasa. Fumfuna ce, iska take nema a buɗe mata. Tabo mai zobe cikin zobe a ganyen ƙasa shi ma laima ce ke kawo shi. Kafin magani, cire duk ganyen da ke ƙasan gungun 'ya'yan da ake tsinka, a fige 'yan rassan da ke fitowa a hammata tun ba su kai tsawon yatsa ba, a bar tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakanin shuka da shuka. Da safe ake figa, don ciwon ya bushe kafin dare. A hunturu kuma labarin ya juya: iska ta bushe, sai jan gizo ya shigo, ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, da siririyar yana a baya.

Sharon kuwa, wato tsutsar da ke shiga cikin ganye da 'ya'yan tumatir, kowa ya san ta tun 2016, shekarar da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin niƙawa. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu. Ɗaga ganye ka duba shi a hasken rana: za ka ga wani wuri ya yi fari kamar takarda, da ɗigon baƙin kashi a ciki, tsutsar na kwance tsakanin fata biyu inda magani ba ya isa da sauƙi. Murƙushe ta da yatsa, ka tsinke ganyen. Macen ƙwaron da ke haifar tsutsar takan yi ƙwai har sama da 200, a kusan wata guda sun zama manya, shi ya sa tarko mai ƙamshin mace yake da amfani, yana sanar da kai tun farkon shigowarsu. In za ka yi feshi, ka riƙa sauya jinsin magani, don wannan tsutsa tana saurin sabawa, ka kuma cika kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin ka tsinka wa mutane.

Saura shukar da ta yi yaushi farat ɗaya tana kore, ƙasa kuma da damshi. Yanki karan kusa da gindi, ka rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa, kada ka motsa. In bayan 'yan mintoci ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka, cutar yaushi ce ta cikin ƙasa. In babu, tono saiwar, ƙila ka tarar da ƙulle-ƙulle na tsutsar saiwa. Dukansu biyu a ƙasa suke zama, don haka buhun da abin ya kama a fitar da shi da ƙasarsa, a wanke wuƙa da ruwan bilic kafin a taɓa wata shukar. Wanda ya shuka kai tsaye a ƙasan rumfa, bayan girbi ya jiƙa ta sosai, ya rufe da farar leda mai haske mako huɗu zuwa shida a Maris ko Afrilu, rana ta dafa ta, sannan kada ya biyo da tattasai, attaruhu ko gauta a wurin, don danginsu ɗaya da tumatir.